Ranar da Baffa Ya Kasa Rantsuwa

Mahaifina ya rasu da kaka, gab da samun mulkin kai. Ya bar mana gida a cikin garin Bauchi da gona ɗaya a Zungur. Inna tana cikin takaba ƙanensa, wanda muke kira Baffa, ya aiko cewa gonar tasa ce, aro ya ba marigayi. Ni ne babba, ina ɗinki a bakin kasuwa, ban kuma taɓa taka ƙofar kotu ba.

Mai unguwa ya tara mu, sulhu bai yiwu ba. Da na rasa inda zan dosa, sai na tambayi maƙwabcinmu, wani Kirista mutumin kudancin lardi da ke aikin masinja a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya. Ya zaunar da ni a kan benci, ya ce, "Wurin alƙali za ka fara. In hukunci bai yi maka ba, ka ɗaukaka ƙara zuwa majalisar Sarki. Bayan nan sai Joji, mai zuwa daga Jos. Kada ka wahalar da kanka neman lauya, ba a barin su shiga gaban alƙali. Bakinka ne lauyanka, sai shaidunka."

Kotun soro ne na ƙasa, mai kauri, tagoginsa ƙanana can sama. Ko da rana tsaka duhu-duhu ne a ciki, ga warin jemagu. Mutum na cire takalmi a ƙofa sai ya ji sanyin daɓen ya hau masa har gwiwa. Masu jira a waje suna ta surutu, amma duk wanda ya tsallaka ƙofar sai muryarsa ta koma raɗa, ba tare da an ce masa ya yi ba.

Magatakarda ya rubuta ƙarata, ɗan doka ya kai wa Baffa sammaci. Ranar zama alƙali ya saurare mu, tsoho ne mai magana a hankali, idonsa a ƙasa. Ya ce in kawo shaidu biyu. Waɗanda suka ga lokacin da kakanmu ya ba mahaifina gonar, ɗaya ya rasu, ɗaya ya yi kudu da shanunsa, ba wanda ya san inda ya sauka. Na yi yawon rugage har na gaji. Da na dawo hannu wofi, alƙali ya ce to rantsuwa ta hau kan Baffa. In ya rantse, gona tasa ce.

Aka sa hantsin wata Alhamis. Baffa ya zo da farar riga, ya yi alwala a tsakar gidan kotun, ya shigo ruwa na ɗiga daga gemunsa. Muhuti, wato mataimakin alƙali, ya ɗauko Alƙur'ani a cikin gafaka ya ajiye a gabansa. Baffa ya miƙa hannu. Sai ya tsaya, ya juya kansa wajen ƙofa.

Duk muka juya. Babu kowa, hasken rana ne kawai a kwance a bakin ƙofar, da takalmanmu a jere.

Baffa ya gyara zama, ya matsa gefe a kan tabarma kamar mai ba babba wuri. Ya ce, "Hamma, ka zo?" Haka yake kiran mahaifina tun suna yara.

Ba wanda ya motsa. Na ji surutun waje ya ɗauke. Alƙali bai ɗaga kai ba, ya ce, "Malam, da wa kake magana?"

"Allah gafarta Malam, ba kowa."

"To, ga Littafi."

Baffa ya sake miƙa hannu, idonsa a kan wurin da ya bari a tabarma. Can ya ce, "Ba zan iya ba, yana saurare."

Alƙali ya ce wanda ya ƙi rantsuwa ya mayar da ita kan mai ƙara. Aka turo Littafin gabana. Na rantse a kan abin da na sani, ban kalli hagu ba ko sau ɗaya, don ta can nake jin kamar akwai mutum a zaune. Aka yanke hukunci gona tamu ce. Magatakarda ya gaya wa Baffa yana da damar ɗaukaka ƙara. Baffa ya fita ya manta takalmansa.

Da na ba Inna labari ba ta yi mamaki ba, addu'a kawai ta yi wa mahaifina da Baffa, ta hana ni maimaita zancen a kasuwa.

Shekaru sun wuce, kotuna sun canja, an rushe soron. Da Baffa ya kwanta ciwon ajali na je gaishe shi a Zungur. Ya sa aka fita, ya riƙe hannuna.

"Ɗana, ran nan kai ba ka gan shi ba?"

Na ce ban gan shi ba, Baffa.

"Bai yi fushi ba," in ji shi. "Da ma ya yi, da na rantse abina. Zama ya yi kawai yana jiran ya ji abin da zan ce."

Ya saki hannuna, ya ce in kira masa jikarsa ta kawo ruwa.