Da Sauransu

Mai Agogo ya fi shekara talatin yana gyaran agogo a wani ɗan shago da bai fi kabad girma ba, jikin katangar ofishin birni. Mutum ne da zai kara agogo a kunne ya gaya maka abin da ke damunsa, amma ka miƙa masa takardar hukuma mai shafi biyu, nan take gumi zai karyo masa. Duk da haka, shekararsa sha tara a kwamitin ba da shawara kan masu tafiya a ƙasa. Shigarsa ma abin dariya ce. Ya je rataya agogon bango a ɗakin taro, aka ga saura mutum ɗaya adadi ya cika, aka ce ya ja kujera.

Su bakwai ne, suna zama Talatar farko ta kowane wata a ƙarƙashin fanka ɗaya mai kuka. Ba wani abin a zo a gani suke yi ba, rabin zaman gardama ce kan wa ya makara. Amma akwai abu guda da Mai Agogo ya yi shekara biyu yana nacinsa: a shafa farin fenti na tsallaka titi, a yi tudun rage gudu a gaban asibitin ido. Yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, can take zuwa duk Alhamis, ga shi yanzu inuwa kawai take gani. Direbobin titin nan kuwa kamar an biyo su. A zaman watan jiya kowa ya ɗaga hannu ya amince. Sa hannun shugaban kwamiti kaɗai ya rage, shi kuma ya yi tafiya.

Ana cikin haka sai sabon shugaban birni ya ce kwamitoci ashirin da uku sun yi yawa, a haɗe su su koma biyar, don aiki ya yi sauri.

Ranar Talata Mai Agogo ya tarar da ɗakinsu cike da kwalaye har rufi. Mai shara ta ce ya hau sama. A sama wani akawu mai fara'a ya nuna masa takarda a jikin allo: Kwamitin Hanyoyi, Kasuwanni, Magudanun Ruwa, Fitilun Titi da Sauransu.

Ya karanta sau uku, da tabarau da kuma ba tabarau.

"Ɗana, ina namu?"

"Ga ku nan, Baba." Akawun ya ɗora yatsa kan kalmar ƙarshe.

"Sauransu? Mu ne sauransu?"

"Ku da wasu huɗu."

"To, ina ciki ko an cire ni?"

"A'a, ba a cire ka ba."

"Wato ina ciki."

"Ba a dai ce kana ciki ba."

Ya sauko daga bene. Daga nan fa aka shiga yi masa wasa da hankali, kuma abin haushin, babu wanda ya yi masa ƙarya ko rashin kunya. Tsohon shugabansu ya dawo, ya ce da gudu zai sa hannu, sai dai kwamitin da yake shugabanta babu shi a duniya. Shugabar sabon kwamitin ta ba shi kujera, ta saurare shi tsaf, ta ce ba za ta sa hannu kan shawarar da ba a gabanta aka yanke ba, sai wakilin tsohon kwamiti ya sake gabatar da ita. Wane ne wakilin? Za a zaɓa daga cikin sauransu. Wa zai zaɓa? Sabon kwamiti, idan ya zauna.

Sai bayan wata biyu kwamitin ya zauna. Mai Agogo ya rufe shago ya je tun kafin a buɗe ƙofa, aka ba shi kujera a can bayan ɗakin taro, tunda har yanzu ba a san matsayinsa ba. Maganar titin asibiti ita ce ta arba'in da ɗaya a jerin. Aka yi awa uku, aka tashi a ta tara. Ya so ya yi fushi, ya rasa da wa zai yi.

Washegari Alhamis ya sake rufe shago, ya bi yayarsa. Suka tsaya bakin titi, motoci na ta wucewa fuu, iskarsu na kaɗa mata mayafi.

"Auta, sun sa hannun?" ta tambaya. Har yau haka take kiransa, da furfurarsa da komai.

"Ana kan dubawa, Yaya."

"Su wa ke dubawar?"

Ya buɗe baki, ya rasa sunan da zai kama.

Ta laluba ta kamo hannun rigarsa. "To bari. Kai dai ka riƙe ni da kyau."

Ya ɗaga ɗaya hannun sama, ya sa ƙafa a kan kwalta.