Kwalbar da Baffa Ya Kawo

Warin tsatsa ne mai zaƙi-zaƙi, kamar an jiƙa tsohuwar ƙusa a ruwan sukari. Shi na fara ji ranar da Baffa, ƙanen mahaifina, ya buɗe kwalbar maganin ƙarin jini a zaurenmu.

Baba manomin rani ne a gefen kanal, babbar magudanar ban-ruwa, tsakanin Kura da Bunkure. Da lanƙwasasshen bututu ake jawo ruwa zuwa gona: a nutsa baki ɗaya a kanal, a toshe ɗayan da tafin hannu, a fizga. Baba sau ɗaya yake yi, ruwa ya biyo shi kamar ya san muryarsa. Da ciwon karkarwa ya kama shi, tafin ya daina zama a bakin bututun. Wani likita a Kano ya ɗora shi kan wata ƙwaya, hannun ya lafa, ya koma gonarsa.

Baffa ya taɓa tsaron kemis na 'yan watanni, tun daga nan yake jera biro uku a aljihu, yana duba idon mutane ba a roƙe shi ba. Ya ja fatar idon Baba ƙasa, ya girgiza kai.

"Yaya, ba ka da jini. Likitocin birni ciwo suke gani, ba sa ganin mutum."

"Ni dai na ji sauƙi," in ji Baba.

"Wannan ne sauƙi?" in ji Baffa, ya juyo gare ni. "Ke 'yar boko, cokali biyu, tare da ƙwayar, ya raka ta ciki."

Da takardar cikin kwalin ya goge bakin kwalbar, ya yar. Ni da nake karanta har takardar da aka naɗe ƙosai, ban sunkuya na ɗauka ba. Ni ce kuma mai miƙa cokalin, safe da yamma.

Cikin 'yan makonni karkarwar ta dawo. Na tsaya a bakin kanal ina kallon Baba yana fizgar bututu sau bakwai, sau takwas, ba abin da yake fitowa sai iska, tumatir yana sunkuyar da kai. Baffa ya ce jinin ne bai gama hawa ba, a ƙara cokali. Ranar da Baba ya rataye bututun ya ce ya haƙura da noman rani, Baffa ya gyara zaman birorinsa ya ce dama haka ciwon yake, shi ya sani tun farko.

Sai bayan shekaru wata ma'aikaciyar ɗakin magani ta faɗa mini cewa sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini yana riƙe ƙwayar a ciki, ya hana jiki shanye ta. Raba su ake yi, da tazarar kamar awa biyu.