Na Sayar wa Masunta Bankin da Ba Nawa Ba

Da ku nake, matasa, musamman ku da kuka iya karatu kuna zaune cikin waɗanda ba su iya ba. Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san shi a ƙasar Yauri ba sa ambatonsa sai sun haɗa da tsaki, kuma ban ga laifinsu ba.

Ni ɗan Yelwa ne. Ubana maɗinki ne, Inna kuma tana tuyar masa a ƙofar gida. Da guminsu na gama sakandare. Lokacin da aka ba mu sabuwar jiha, kowa ya tattara takardunsa ya nufi Birnin Kebbi neman aiki, ni ma na bi sahu. Na yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan har takalmina ya cinye, na dawo hannu biyu, don ba ni da kowa a sama. Na dawo da baƙin ciki da haushin kowa. Daga baya wani dillalin kifi, Alhaji Bawa, ya ɗauke ni ina yi masa rubutu a rumfarsa. Ban taɓa ɗaukar kwabon wani ba a lokacin. Ko canji aka manta a hannuna, sai na bi mutum da shi.

Bayan la'asar 'yan kasuwa kan taru a ƙofar rumfar, a sayo jaridar Turanci a miƙa mini in karanta in fassara. A nan na fara lalacewa, kuma ba da kuɗi na fara ba. Wata rana na karanta labari ya fito lami, babu wanda ya motsa, sai na ɗan ƙara masa gishiri. Nan take majalisa ta ɗauka. Na duba fuskokinsu na gane cewa duk abin da na ce jarida ta ce, to ta ce. Daɗin da na ji a ranar har yanzu ina jin kunyarsa.

Zamanin ne da bankuna suke ta tsirowa, gwamnati kuma tana sayar wa jama'a hannun jarin kamfanoninta. Maganar ke nan kullum a majalisar. Akwai wani tsohon akawu da ya yi ritaya, shi ne mai zaƙewa.

"Ku sai hannun jarin banki yanzu," in ji shi. "Ran da soja sunka koma bariki, farar hula sunka hau, tashi za ya yi sama."

Alhaji Bawa sai ya yi tsaki. "Farar hula? Waɗanga da ba su hau ba sun hwara rabon ƙasa? Ni ba ni ba mutanen Ikko gumina su aje mani cikin takarda."

Haka za su yi ta yi har magariba, ɗaya yana zagin soja, ɗaya yana zagin 'yan siyasa, alhali cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ko ƙofar kasuwar hannun jarin. Ni ma ban taɓa gani ba, amma ni ne alƙali. In na ce zai tashi, ya tashi. In na ce zai faɗi, kowa ya yi jigum.

Abin dariya, Alhaji Bawa mai tsakin nan shi ya fara jawo ni gefe, ya ba ni kuɗi in je Sakkwato in sayo masa a ɓoye. Na sayo masa na gaske, amma na rage wani abu na ce kuɗin hanya ne da na masu sa hannu. Bai tambaya ba. Da ya sake aikena na rage fiye da haka. A zuwa na uku na tsaya ina juya takardar a hannuna, na ga ashe takarda ce kawai mai ado da hatimi, wadda duk mai injin buga katin biki zai iya yin irinta.

A nan Baba Ɗantani ya shigo rayuwata, ko in ce ni na shiga tasa. Masunci ne, dattijo, daga wata tunga, wato ƙauyen masunta, a bakin tafki kusa da Wara. Yakan kawo wa Alhaji banda ranar kasuwa. Garinsu na asali yana ƙarƙashin ruwa tun da aka yi madatsar Kainji, gonar ubansa da kabarin ubansa duk suna can. A tungarsu shi ne mai rabo. In aka ja taru, wato babbar komar nan da mutane da yawa ke haɗa kuɗi su saya, shi ke tsugunawa ya kasa kifin, ya ce wannan na wane, wannan na wane. Ba a taɓa jin wanda ya ce Baba ya tauye shi ba. Ba shi da dukiyar a zo a gani, wannan amanar ita ce abin da ya mallaka.

Wata rana ya jira majalisa ta watse ya matso kusa da ni.

"Ɗana, wai mi a hannun jarin ga da kuke ta hwaɗi?"

Na ce, "Baba, awa taru na. Mutane su haɗa kuɗɗi su sai banki, in riba ta zaka a raba. Sai dai shi wanga taru ba ya ruɓewa, ruwa kuma ba ya cinye shi."

Na ga idonsa ya canza. Na san abin da na taɓa, kuma da gangan na taɓa shi. Na nuna masa ginin wani banki da ke can tsallaken titi, na ce, "Ga shi can, Baba. Kai ma kana iya zama cikin masu shi."

Ya sayar da injin jirginsa ya koma tuƙi da filafili. Bai tsaya nan ba, don shi ba mutum ne mai cin alheri shi kaɗai ba. Ya tara mutanen tunga ya yi musu bayani, maza masu taru da mata masu banda. Su ba su san ni ba, ba su ma taɓa ganina ba. Shi suka sani. Suka kwance abin da suka ƙulle suka zuba a hannunsa, shi kuma ya kawo mini. Na je Kwantagora na sa aka buga mini takardu masu kyau da sunan bankin nan, na ba shi ya kai musu. Ko sisi bai shiga banki ba.

Kada ku ɗauka wani abin kirki na yi da kuɗin. Na sayi babur, na ɗinka shadda, sauran na zuba a yaƙin neman zaɓen wani ɗan takara da ya yi mini alkawarin kujera in ya ci. Aka rushe siyasar gaba ɗaya, ɗan takarar ya daina gane ni a hanya. Ɓarawo ya ci kuɗin ɓarawo, ba ni da inda zan kai ƙara.

Da lokacin rabon riba ya yi, Baba Ɗantani ya zo. Na buɗe jarida na nuna masa hoton wani mai kaki. Na ce, "Baba, ka ga waɗanga? Su sunka hana. Sai an yi zaɓe." Ya tafi. Ya dawo, na ce an soke zaɓe, kasuwa ta rikice. Ya sake dawowa, na ce naira ta faɗi. Ƙasar kuwa ba ta taɓa barina na rasa hujja ba, kullum akwai sabon rikici a jarida. Na ji labarin a tunga har addu'a suke yi a kan masu mulki saboda ribarsu. Ina jin haka ina dariya a cikina. Allah Ya yafe mini.

Zuwansa na ƙarshe na gaji da shi, na ce masa da faɗa, "Baba, bankin kansa yana cikin wahala. Siyasa ta yaga shi. Ka bari sai ya farfaɗo."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "Ashe haka na. Kai ko, ɗana, don mi ba ka hwaɗa mani tun da wuri ba?"

Na ɗauka na rabu da shi ke nan. Abin da ban sani ba, don ni ɗan birni ne mai ganin ya fi kowa wayo, shi ne dokar taru. A wurinsu, in taru ya yage, duk mai rabo a ciki sai ya sauko bakin ruwa da zarensa an ɗinke tare. Wanda ya zauna a gida yana jiran kifi alhali taru na yage, ya zubar da mutuncinsa. Ni na ce masa banki taru ne. Ni kuma na ce masa ya yage.

Ranar kasuwa ta zagayo. Ina zaune a ƙofar rumfar Alhaji da hantsi, sai na hango shi a tsallaken titi. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauko kwandon banda, bayansa ga wasu maza na tunga. Suka hau matakalar banki suka shiga. Na zauna inda nake ina kallon ƙofar bankin.

Abin da ya faru a ciki, a kotu na ji shi. Ya wuce layi kai tsaye har ofishin manaja, ya ajiye kwandon ya ce na ma'aikata ne, su ci su ji ƙarfin aiki. Sannan ya ce, "Mun ji abin da ya samu bankinmu. Mu ba mu da ilimi, amma muna da hannuwa. Ku nuna muna inda za mu kama." Manaja ya ɗauka mahaukaci ne. Da Baba ya fito da takardarsa, aka duba, aka ce ta jabu ce, aka kira mai gadi.

Wannan kam da idona na gani. Aka turo shi waje, ya yi tuntuɓe a matakala, hularsa ta faɗi, aka wurgo kwandon bayansa kifi ya watse a ƙasa. Mutanen kasuwa suka taru. Yana ta cewa, "Bankinmu na! Muna da rabo ciki!" Yara suna dariya. Sai ya hango ni. Wallahi fuskarsa har ta washe, ya ga mai cetonsa.

"Ɗana! Taho ka gaya musu!"

Kowa ya juyo yana kallona. Na ce, "Ni ban san tsohon ga ba."

A duk abin da na aikata, wannan ce kalmar da ta fi ƙona ni. Na zame ta bayan rumfa na hau babur. Ban yi nisa ba, a hanyar Shanga aka tare ni. Mazan tunga sun so su kashe ni a ofishin 'yan sanda, kuma da sun samu dama da ban rubuta wannan ba.

Aka yanke mini shekaru a gidan yari. Farkon shigata ba nadama nake yi ba, haushi nake ji. Ina jin labarin bankuna na gaske suna rushewa da kuɗin talakawa, masu su suna yawo a manyan motoci, ni da na ci na tunga ɗaya ina kwana kusa da bokitin kashi. Har yau ina jin haushin waɗannan mutane, ba zan ɓoye ba. Amma Inna ta zo ganina sau ɗaya, na fara yi mata wannan dogon bayani, ta katse ni.

"Su manyan ɓarayin, su sunka ce ba su san tsohon ba, ko kai?"

Ta ajiye mini ƙullin gari ta tafi, ba ta sake zuwa ba. Daga ranar na daina lissafin zunubin wasu, na koma ga Allah da nawa.

Da aka sake ni na shiga jirgi daga Wara na nufi tungar. Na tarar ana rabon kifi a bakin ruwa, amma wani ne tsugune yana kasawa. Baba Ɗantani yana can gefe shi kaɗai a gindin wani tsohon jirgi, ya rame, yana ɗinkin koma. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗago ba.

"Tashi nan," in ji shi. "In sunka gane ka tare da ni, cewa za su yi rabona ka kawo mani."

A nan na san abin da na yi masa. Mutanen tunga ba su taɓa yarda cewa shi ma cutarsa aka yi ba. A hannunsa suka zuba kuɗinsu, don haka suka ce da shi aka ci. Suka karɓe rabo daga hannunsa. Ko shaidar ɗaurin aure an daina kiransa.

Na ce, "Baba, ka gahwarta mani. Mi zan yi?"

Ya ce, "Ba ni son kuɗɗinka. Tahi can gabansu ka hwaɗi gaskiya, ka ce ban ci ko kwabo ba."

Na tashi da gudu, ina murna na samu abin da zan iya biya. Na tsaya gaban masu rabo na ɗaga murya. Na faɗi ko ni wane ne. Na rantse da Allah cewa ni kaɗai na ci, Baba Ɗantani bai san komai ba, shi ma injinsa ya tafi a ciki. Suka saurare ni har na gama. Sai mai rabon ya dube ni sama da ƙasa ya tofar da yawu.

"To, mun ji. Sai dai wa ka karɓar shaidar ɓarawo?"

Ya sunkuya ya ci gaba da kasa kifinsa. Na waiwaya, Baba ya ji komai. Ya mai da kansa kan komarsa.

Ku matasa, in an miƙa muku jarida ko waya an ce ku karanta, ku karanta abin da ke ciki, kada ku ƙara ko harafi. In wani ya zo muku da zancen hannun jari yana cika baki, yana ɗora kowane jinkiri a kan gwamnati, ku taka da ƙafarku ku je bankin ku tambaya kafin ku jawo iyayenku ciki. Kada kuma ku yi wa kanku huɗubar da na yi wa kaina, cewa manya ma suna sata. Ni na gama zaman gidan yarina, na tuba, ina sana'ata. Baba Ɗantani ya rasu mutanensa suna yi masa kallon maci amana. Ni kaɗai ne a duniya na san bai ci ba, kuma babu mai yarda da ni.