Kumatuna da Dawar Agaji

Wautar da na tafka bara, shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ita ce na shiga layin rabon dawar agaji a Ajingi ina taunar ƙuli-ƙuli. Ni kuwa Allah ya yi ni da jiki, ko iska na shaƙa sai ta zama tsoka. Baba ya tafi ci-rani Kano, Inna ba ta fita, ƙannena ƙanana ne, don haka ni aka tura da buhu.

Mai rabon ya dubi kumatuna, ya dubi bakina yana motsi, ya ce, "Kai samari, ai gidanku ne ya kamata su kawo mana gudummawa. Matsa!"

Layi ya kwashe da dariya, har da waɗanda da kyar suke tsaye. Na koma garinmu Toranke da buhu a ninke a hammata, alhali ɓerayen rumbunmu ma sun daɗe da yin ƙaura.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta yanke hukunci: kafin motar agajin ta dawo, sai na rame.

"Maigida," ta ce, don haka take tsokanata, "yaye ka za mu yi daga tukunya. Sannu-sannu, yadda ake yaye yaro."

"Amarya, ke da kika rame tun zamanin Turawa, me aka taɓa ba ki?"

"Rufe min baki, tulu."

Inna ba ta so ba. Ta ce, "Iya, shi ke ɗebo mana ruwa, shi ke yo itace. In ya kwanta fa?"

"In bai rame ba, dukkanmu za mu kwanta."

Aka fara da soke min tuwon dare. Da na ɗan saba, aka janye na rana, aka bar ni da kunu mai ruwa-ruwa wanda nake hango fuskata a ciki. Daga ƙarshe sai dafaffiyar tafasa da rama, ba ƙuli, ba mai. Akuyarmu ta fara hararata, ta ga kishiya a kiwo.

Ba zan ce abin bai da amfani ba. Rabona ya koma kwanon ƙannena, kukansu ya ragu. Wandon da ya matse ni tun sallar da ta wuce ya dawo yana neman wani mu shiga tare. Iya takan kama damtsena ta matsa kamar mai tayin rago, ta ce saura kaɗan.

Amma guga ya fi ƙarfina. In na sunkuya a bakin rijiya sai garin ya juya, bishiyoyi su koma ƙasa. Na daina ba'a, ni da ko a makabarta sai an harare ni. Ranar da na ga ƙanwata da ɗan ƙanzo a hannu, mari na kai mata na ƙwace. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi, kuma har yau in ina cin abinci ba ta zama kusa.

Sai ƙafafuna suka soma kumbura. In na danna da yatsa, ramin ya zauna. Fuska ta bi, idanuna suka shige ciki. Inna ta ce a tsaya haka nan. Iya ta ce iska ce kawai, za ta sace, ga shi an ce mota ta iso.

Na ja jiki zuwa Ajingi, ina tafiya ina hutawa a gindin kowace kuka. Mutumin nan dai ne ke riƙe da kwanon awo. Ya gane ni tun daga nesa.

"A'a! Kowa na ramewa, kai ƙaruwa kake yi? Me ake dafa muku ne?"

Na buɗe baki in ce ya danna ƙafata ya gani, na bayana suka ture ni gefe.

Ba mu sami dawar ba. Inna ta ba da tasoshin aurenta aka kai kasuwar Gaya, aka auno garin rogo. Ni kuwa ina kwance a ɗakin Iya har aka yi shuka.