Ranar da Manzo Ya Kai Ƙarar Taubashinsa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Filinge ran Lahadi ya wuce ta gaban rumfar maƙwabcinmu Manzo, ko da bai san mai ita ba. Ita ce a bakin hanyar kasuwar shanu, mai faifan sola a kan rufi, an danne shi da tsohuwar tayar babur don kada iska ta yi gaba da shi. Mai rumfar gajere ne mai faɗin kafaɗa, tabaransa ƙafa ɗaya gare shi, ɗayar igiya ce. In ya sunkuya kan salula yana gyara, sai harshensa ya leƙo waje kamar shi aka ba aikin. Mun yi masa tsiya a kan wannan harshe har mun gaji, harshen bai koma ba.

Ubansa kiwon shanun mutane ya yi har ya rasu, bai bar masa ko ɗan maraƙi ba. Lakkol kuwa, wato makarantar boko, ba su daɗe tare ba, tun ranar da ya kwance agogon malaminsu don ya ga abin da ke motsi a ciki. Daga nan ya shiga gyaran tocila, ya koma rediyo, ya tafi bida, wato neman kuɗi, Kwatano, ya dawo da gwangwanin sukurori da tari. Da salula ta shigo ƙasar Kurfai, ita ma ya kwance cikinta har ta saba da shi. Amma duk tsawon wannan wahala ba a taɓa kiran wani abu da sunansa ba. Tsofaffi su ce ɗan Delu, mata su ce mijin Balkisa, baƙi su ce wancan mai tabarau. Bai taɓa kokawa ba, sai dai in an kira shi haka yakan ɗan jinkirta kafin ya amsa.

Ana nan sai wani Bafillace mai suna Hamma ya zo daga wajen Abala, ransa a ɓace, ya ajiye salula irin ta shafawa a kan tebur kamar mai ajiye kunama. Ba ya karatun boko, sunayen da aka sa masa a ciki duk sawun tururuwa yake gani. Ya tashi kiran dillalin da ya cuce shi, ya danna, ana ɗagawa ya fara zuba zagi. Ashe surukinsa ya kira.

"Ka cire min kowa da kowa," in ji Hamma. "Ko ka saye ta. Ni kam ba ni ƙara taɓa ta."

Manzo ya danne dariya da ƙyar, ya ce, "Tsaya. In shanu sunka cakuɗe bakin rijiya, ƙaƙa kake gane na surukin naka?"

Hamma ya dube shi kamar ya tambaye shi ina gabas. Ai kowane gida da alamarsa, wani yankan kunne, wani ƙarfe mai zafi a cinya. Manzo ya san haka, ya bi ubansa daji yana yaro. Sai ya yage kwalin shayi, ya ɗauki alƙalamin bik, Hamma na faɗa shi yana zanawa. Ya ɗauki hoton zanen, ya liƙa shi jikin lambar mutumin. In suruki ya kira, kunne mai tsaga biyu ne zai fito a gilashi. In dillali ne, ba shi da shanu, sai aka zana masa kura.

Kafin damina ta sauka, labari ya kai Damana, ya kai Bonkuku. Fulani da Buzaye suka riƙa yin layi a rumfar, kowa na kwatanta alamar danginsa da yatsa a ƙasa. Ranar da wani ya fara cewa, "Zanen Manzo nika so a yi min," sai Manzo ya duƙa ƙarƙashin tebur wai sukuri ya faɗi. Ba abin da ya faɗi. Haƙoransa ne ba ya so mu gani.

To, Manzo yana da taubashi, Sidi, ɗan kawunsa. Dogo ne, tela, mai hannun aikin wuyan riga, amma gwanjo ya kashe masa kasuwa har kekensa ya zama wurin kwanan kaji. Kullum yana rumfar Manzo yana shan shayi yana kiransa bawansa, Manzo na ramawa, don har yau ba su daidaita a kan wane ne bawan wani ba. Ashe ido na aiki. Wata Lahadi sai ga tebur a tsallaken hanya, daidai saitin rumfar Manzo, ga kwalaye a yanke tsaf, ga bik kala-kala. Kuma a faɗi gaskiya, in Sidi ya zana kunnen saniya har kana jiran ya kaɗa ya kori ƙuda. Na Manzo kuwa wani lokaci sai an gaya maka ba ganyen kabewa ba ne.

Rabin masu zuwa suka tsallaka hanya. Manzo ya shanye, ya ce kasuwa ta Allah ce. Abin da ya kasa shanyewa shi ne ranar da wani Buzu ya tsaya a gabansa, a rumfarsa, ya gyara rawani ya ce, "Malam, ina ne ake zanen Sidi?"

Ya nuna masa da haɓa. Ranar nan ko tuwo bai ci ba, Balkisa ce ta gaya wa matan unguwa, su kuma suka gaya mana.

Shi mutum ne mai jin rediyo, kuma ba ya mantuwa. Ya tuna an taɓa ba da labarin manyan kamfanonin salula na ƙasashen waje suna maka juna a kotu, wannan ya ce wancan ya sace masa dabara, har da dabarar goga yatsa a gilashi don waya ta buɗe. Wanda ke son amfani da hikimar wani kuma sai ya nemi izini tukuna. Ya zauna a dakalin ƙofar gida yana ta nanata mana.

"Goga yatsa hwa! Abin da jinjiri ka yi cikin kwanon miya. In wanga na da mai shi, ƙaƙa nawa zai zama na banza?"

Muka ce ƙwarai kuwa, ya tashi ya nemi hakkinsa. Ba don muna da gaskiya ba, kallo muke so.

Ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya tafi wajen sarkin kasuwa, mu kuma muka bi baya kamar masu rakiyar ango. Tsohon ya saurare shi da kyau, yana gyaɗa kai. Ya ce lalle wanda ya fara abu yana da girmansa, kuma ba a rasa yadda za a ja wa ɗayan kunne. Sannan ya tambayi sunan wanda ake ƙara.

"Sidi tela."

"Wane Sidi? Ba dai ɗan wan uwarka ba?"

"Shi."

Dariyar da aka yi a wurin har mai gasa nama ya baro tukubarsa ya zo ji. Sarkin kasuwa ya share hawaye ya ce, "Haba ɗan Delu. Taubashi ka kawo min ƙara? Mutumin da ka iya cire maka hula tsakiyar kasuwa ya ɗora ga kai nai, kai kau sai dai ka yi dariya? Su kamfanonin naka taubasai na?"

Manzo bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, da hula ce da na bar mai. Abu guda na taɓa yi a duniya wanda mutane sunka kira da sunana, shi ya ɗauke."

Nan mu da muka zo kallo muka fara duban ƙasa. Tsohon ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi dai ba shi da hurumin shiga tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, kuma in Manzo ya yi fushi a fili, uwarsa za a zaga. Hanya ɗaya ce: abin da taubashi ya yi maka, kai ma kana da iko ka yi masa.

Manzo ya koma gida yana lissafa abin da Sidi ya mallaka. Keken da kaji ke kwana a kai, bunsuru mai tari, rediyon da shi Manzon ne ya ba shi. Ba ko ɗaya da ya kai a ɗauka don ramuwa.

Lahadi ta zagayo. Da sassafe, kafin Sidi ya gama shan kunu, Manzo ya ɗauko hayar torko, wato amalanke, da jakinsa, ya tsallaka hanyar da ba ta fi a jefa takalmi ba, ya loda tebur da kujera da kwalaye da bik har da butar shayi, ya sauke su a cikin rumfarsa. Torkon ba don nauyi ba ne, don kowa ya gani ne. Sidi ya iso ya tarar da filin Allah.

"Kai bawa! Ina teburina?"

"Ga shi nan inuwa. Rana na ɓata shi, na tausaya."

"Maido min."

"Kai ƙara. Na san hanya, sai in raka ka."

Kasuwa ta tsaya kallo. Sidi ya buɗe baki, ya duba jama'a, ya ga duk jira ake ya yi fushi. Sai ya fashe da dariya, ya tsallako, ya ja kujerarsa zai zauna. Manzo ya ɗora ƙafa a kanta.

"Tukuna. Nemi izini, yadda manya ka yi."

Sidi ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa, ya ɗaga murya yadda za a ji a kasuwar shanu: "Ranka shi daɗe, Kamfani! Bawanka na neman izinin zana kunnen saniya!"

"An ba ka na yau," in ji Manzo. "Gobe ka sake tambaya."

Tun daga nan a rumfa ɗaya suke. Sidi na zane, Manzo na liƙa wa lambobi, wanda dama Sidi bai taɓa son wannan ɓangaren ba, yatsunsa sun yi wa gilashi girma. Zanen dai bai dawo hannun Manzo duka ba, har yau akwai masu cewa zanen Sidi, kuma in ya ji yakan tsuke fuska. Amma sunan da Sidi ya jefa masa don tsiya ya kama shi ram. Makiyayi zai sauko daga mota ya tambayi ina rumfar Kamfani, yara su nuna masa. Har tsohuwa Delu in ta aika a kira shi cin abinci, cewa take a kira mata Kamfani. Kuma da an kira, kafin a rufe baki ya amsa.