Mai Tambayar Ruwa a Tashar Diffa

Kullum da hantsi tana tsaye a bakin tashar motar Diffa, doguwar tsohuwa mai tsagen Barebari, tafin hannunta ya rine da tattasai. Ba tafiya za ta yi ba. Direbobi na kiranta Ya Kellu, sun ce daga wani ƙauyen Gueskérou ta gudo, aka ara mata fili a bakin kogin Komadugu.

Motar Gaidam na tsayawa, sai ta matso.

"Ɗana, ruwa ya iso wajenku?"

"Tun shekaranjiya, Iya. Da ƙarfinsa ma."

Tana lanƙwasa yatsu, tana ƙirga kwanakin da ruwan kogin zai ɗauka kafin ya ƙaraso. Da alama da ƙuruciyarta ba ta tambayar kowa, don kogin ba ya saɓa lokaci. Tun da aka datse shi can ƙasar Kano, wata shekara ya makara, wata ya shanye gona.

Ta shafa ƙullin irin da ke bakin zanenta.

"Gobe zan yafa."

"In ya yi ambaliya fa?" in ji direban.

Ta yi dariya. "Sai in koma tudu. Rabin irin na bari a gida."