Motar da Muka Zaɓa Saboda Labule

Motoci biyu ne a gidanmu na Shahuci, kuma kullum a kansu maigidana da ƙaninsa suke musu. Ta maigida baƙa ce, ƙirar Ingila, mai faɗin ciki, da labule a tagogin baya saboda mu mata. Ga kwarjini, amma ga shan mai, ga gardamar tashi. Ta ƙanin fara ce, ƙirar Faransa, ba labule ba ado, sai dai kana murɗa makulli ta kama.

Makanikensu ɗaya, wani mutumin Gabas mazaunin Sabon Gari. Shi kaɗai ya san halin baƙar.

Da gari ya rikice gab da yaƙin basasa, aka shiga farautar mutanen Gabas, sai ga makaniken a zaurenmu ko takalmi babu. Kwana biyu muka ɓoye shi a ɗakin hatsi. A na uku aka ce jirgin ƙasa zai tashi da hantsi, dole a kai shi tasha.

Ƙanin ya ce, "Yaya, a ɗauki tawa, ba ta mutuwa a hanya."

Maigida ya ce, "Taka kowa na ganin cikinta. Wa zai ɗaga labulen matan aure?"

Ni ma, Allah ya yafe mini, labulen na goya wa baya, har da ɗaga murya.

Aka ɗauki baƙar, na lulluɓe makaniken da mayafina, na zauna kusa da shi a baya. Muna isa Ƙofar Mata, inda samari suka tare hanya da sanduna, 'yar banzar nan ta yi tari ta mutu. Maigida ya murɗa, ya sake murɗawa, yana ta taka totur. Samarin ko kallon labulen ba su yi ba. Ɗayansu ma cewa ya yi, "Alhaji, a tura maka?" Wallahi da an tura da mun wuce.

Amma shi makaniken, bawan Allah, kunnensa na kan inji. Shekaru yana lallaɓa motar nan, bakinsa ya riga shi. "Alhaji, mai ya yi mata yawa, ɗaga ƙafarka!"

Muryar namiji, daga bayan labulen mata. Nan take aka fizge ƙofar. Na riƙe shi, na yi ihu, na haɗa su da Allah. Mayafin kawai aka bar mini a hannu. Har yau ban yafe wa kaina ba, kuma ba na jin zan yafe.

Maigida ya ɗaga ƙafa kamar yadda aka ce masa, ya murɗa makulli. Motar ta tashi lafiya lau, ba mu da wanda za mu kai tasha.